Galan uku muke da su a Kano, don Allah a riƙa faɗa mana lita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka, ko da wasiƙar za ta ɗan yi tsawo. Magana ce a kan kalma ɗaya da muke faɗa safe da yamma a garin nan, a kasuwa da gareji da gona, kowa da abin da yake nufi da ita. Kalmar ita ce galan.

Ni tsohon malamin gona ne. Na yi shekara 35 ina aiki da manoma a wajajen Kura, Kadawa da Bunkure, na yi ritaya, yanzu ina zaune a Ɗorayi da ɗan shagona na iri da maganin feshi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a bana, lokacin rainon tumatir. Akwai yaron maƙwabcina da ya gama karatu bai sami aiki ba, ya karɓi aron fili a bakin ruwa ya ce zai gwada noman rani. Yaro ne mai himma, ina son sa. Ya zo ya ari tsohon littafina na makarantar koyon aikin gona, wanda na rubuta da hannuna tun ina saurayi. Bayan kwana tara ya dawo da damin ganye a leda, bakin kowane ganye ya ƙone ya naɗe. Ya ce, "Baba, takin ruwan nan jabu aka sayar mini." Na ce ya zauna ya faɗa mini yadda ya haɗa. Ya ce a littafina ya ga an rubuta oza ɗaya a galan ɗaya, shi kuma bai san oza ba, sai ya tambayi wayarsa. Waya ta ce masa oza mililita 29.6 ce, galan kuma lita 3.785. Ya buga lissafi, bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya zuba mililita 125 a famfonsa na feshi mai lita 16. Abin da littafin ke nufi mililita 100 ne. Ya ƙara rubu'i guda a kan ƙa'ida, ya kuma yi feshin da rana tsaka a kan tsiron da bai yi ƙwari ba.

Wayar ba ta yi masa ƙarya ba. Galan ɗin Amurka ta ba shi, littafin kuwa da galan ɗin Ingila aka rubuta shi. Yaron bai taɓa jin cewa galan ya wuce ɗaya ba, kuma da na bincika a majalisarmu ta bayan la'asar, cikin mutum takwas biyu ne suka sani, su ma tsofaffin direbobi ne.

To ga su. Galan ɗin Ingila, wanda Turawan mulki suka kawo mana, lita 4.546 ne. Na Amurka lita 3.785. Sai na uku, namu na kasuwa, farar robar nan ko gwangwanin fenti, lita 4 cif. Idan mutum uku suka yi cinikin galan goma, na farko yana jiran lita 45 da rabi, na biyu lita 38 ba kaɗan, na uku lita 40. Duka ukun za su rantse gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda zai yi kaffara.

Mu da muka yi firamare a shekarun 1960 haddar abin muka yi, malam yana tsaye da bulala: jil 4 fayint ɗaya, fayint 2 kwat ɗaya, kwat 4 galan ɗaya. Wato fayint 8 ne a galan. Kowane fayint kuma oza 20, saboda haka galan oza 160 ne. A aji abin wahala ne, domin ba wanda ya taɓa ganin jil da idonsa. Amma da na koma gida sai in tarar da galan yana zaune a tsakar gidanmu. Inna, Allah Ya jiƙanta, ƙuli-ƙuli take yi, kuma man gyaɗar da ta matse a garwa take tara shi. Garwar nan ta kananzir, mai kusurwa huɗu, galan 4 take ci, wato lita 18 da ɗan ɗori. Ita ce masu sayar da ruwa suke ratayawa biyu a sanda a da, 'yan garuwa na yau kuwa jarkoki suke turawa a kura, yawancinsu ma ba su taɓa ɗaukar garwa ba. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san garwa kwalba 24 ce. Duk kwalbar da ta auna sai ta ja layi da gawayi a jikin bangon madafa, in ta kai shida ta kewaye su. Da na girma na gane abin da take kewayewa galan ne. Kwalbar da Turawa suka shigo da ita an yi ta ne a kan kashi ɗaya cikin shida na galan, kusan mililita 757, wadda ta zama santilita 75 ta yanzu. Kwalba shida galan, galan huɗu garwa, garwa goma sha ɗaya duro. Awon a haɗe yake tun daga kwalba har duro, shi ya sa wanda bai iya karatu ba ma da wuya a cuce shi.

Mai karatu zai ce, yaya aka yi Ingila da Amurka, masu harshe ɗaya, suka raba galan? A da can Ingila kanta galan barkatai gare ta. Na giyar inabi daban, mai inci 231 in an auna cikinsa tsawo da faɗi da zurfi, na giyar sha'ir mai inci 282, ga kuma na hatsi. Lokacin da Amurka ta ɓalle a 1776 sai ta riƙe na inabin, wanda aka tabbatar da shi tun zamanin Sarauniya Ana, a kansa take har gobe. Ita kuwa Ingila a 1824 ta yi doka ta soke sauran, ta kafa galan guda: abin da ruwa mai nauyin laba 10 zai cika a ɗumin digiri 62 na ma'aunin Farenhait. Shi ne ya bi tutarsu zuwa Indiya da Kanada da nan. Sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, garwar kananzir ta biyo shi. Daga baya, a dokarsu ta 1985, su da kansu suka ɗaure galan ɗin da lita, suka ce lita 4.54609 ne ba ragi ba ƙari. Yau in ka je gidan mai a Landan da lita za a sayar maka, sai dai madararsu har yanzu da fayint suke kiran ta.

Ita lita Faransa ce ta fito da ita a 1795, kuma sauƙinta a fili yake. Ka yi akwati mai santimita 10 ta kowane ɓangare, abin da ya ci shi ne lita. Ruwan da ke ciki kilo ɗaya ne. Ka raba shi dubu ka sami mililita, ka raba shi ɗari ka sami santilita. Komai da goma-goma yake tafiya, yaron da ya iya ƙirga yatsunsa ya kama hanya. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram a kanta suka tashi, shi ya sa ba su da wannan ciwon kan namu.

Ina makarantar aikin gona aka yi canje-canjen zamanin Janar Yakubu Gowon. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. A ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, naira biyu a fam ɗaya. A wannan tsakanin ne aka ce a bar yadi da laba da galan a koma mita da kilo da lita. Kuɗi ya zauna da wuri, domin tsohon ya daina karɓuwa. Tuƙi ma ya zauna, don wanda ya ƙi zai yi karo. Amma awon ruwa rabi aka yi aka bari. Famfunan gidan mai sun koma lita, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara buga lita a jikin kayansu, sai dai bakin mutane ya ƙi sakin tsohon suna. Da roba mai lita 4 ta shigo, ta yi kama da galan a ido, sai aka laƙaba mata sunan. Daga ranar galan ya rame da mililita 546, fiye da ledar fiya wata guda, ba tare da an yi shela ba. Robar nan fayint 7 ce, na takwas ɗin ya tafi. Kwalba biyar da sulusi take ci, amma har yau akwai matan da ke lissafin kwalba shida a galan kamar yadda iyayensu suka koya musu. Wata mai ƙosai a layinmu ta daɗe tana zargin 'yarta da zubar da mai a hanya, har da duka, alhali yarinyar ba ta zubar da ko ɗigo ba. Da na kawo kwalba na auna mata a gabanta sai ta yi shiru, ta jawo yarinyar jikinta. Wannan abin ya tsaya mini a rai fiye da tumatirin da ya ƙone.

Ba ina cewa mai sayar da galan na lita 4 macuci ba ne. In ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayi fenti, a jikin gwangwanin an rubuta lita 4 ɓaro-ɓaro, a jikin babban bokiti lita 20. In ka je Ƙofar Wambai sayen robobi, ko Galadima sayen mai, duk ɗan kasuwar da ka tambaya zai faɗa maka litar jarkarsa ba ɓoye-ɓoye. Matsalar tana tasowa ne idan tsohon lissafi ya haɗu da sabon mazubi, ko littafin wata ƙasa ya haɗu da kan da ya haddace na wata.

Ga yadda nake juya su a ka, ba takarda ba waya. Galan 2 na Ingila lita 9 ne da ɗan abin da bai kai a damu ba. Saboda haka duk adadin da aka ba ka, ka ninka shi sau tara ka raba biyu. Galan 10, casa'in raba biyu, lita 45. In kana son wanda ya fi wannan matsewa, riƙe cewa galan 11 lita 50 ne, kusan ba ko ɗigo a tsakani. Daga nan duro ya fito: galan 44, lita 200. In kuma daga lita za ka koma galan, lita 100 galan 22 ce. Jarka mai lita 20 galan 4.4 ke nan, wato ta ɗara garwa da kusan lita biyu, mai lita 25 kuma galan biyar da rabi. Kwat lita ɗaya ne da mililita 137. Fayint mililita 568, wato ledar fiya wata ɗaya da ɗan ƙari kamar kurɓi biyu. Jil mililita 142. Oza mililita 28.4. Tsakanin Ingila da Amurka kuwa, galan 5 na Ingila shi ne 6 na Amurka.

A kan oza nake so manoma su tsaya, domin nan tarkon yake. Mutum zai zaci tunda galan ɗin Amurka ya fi ƙanƙanta, ozarsu ma haka. Ina! Tasu ta fi girma, 29.6 a kan 28.4. Abin da ya faru, su oza 16 suke sa wa a fayint, Ingila 20. Galan ɗinsu oza 128 ke nan, na Ingila 160. To in littafi ya ce oza ɗaya a galan ɗaya, in na Ingila ne yana nufin kashi ɗaya na magani cikin 160 na ruwa, in na Amurka ne ɗaya cikin 128. Famfo mai lita 16 mililita 16,000 ne. Raba da 160, ka sami 100. Raba da 128, ka sami 125. Nan yaron ya faɗa. Wanda kuma ya ɗauki ozar Ingila ya zuba a robar lita 4, nasa zai kama 114, shi ma ya zarce. Abin yana iya juyawa ta ɗaya gefen. Dattijo irina ya sami takardar Amurka ya karanta ta da tsohon kansa, ya zuba 100 inda ake son 125. Magani ya yi tsarari, tsutsa ta sha ta miƙe, ya sake saye ya sake fesawa, daga baya ya ce maganin zamani duk na bogi ne. Kuma irin wannan feshin na rabi da rabi shi ke koya wa ƙwari jure magani. Na ga haka da idona a gonakin wake.

Haka ruwan da ake fesa wa fili. Tsofaffin takardunmu sukan ce galan 20 a eka ɗaya. Lita 91 ke nan, famfo shida ba kaɗan. A hekta, wadda ta kusa eka biyu da rabi, lita 225 ne, famfo 14. Duk galan ɗaya a eka daidai yake da lita 11.2 a hekta. Na kawo wannan ne don masu tsofaffin littattafai, amma shawarata ga duk manomi ita ce ya bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar da ya saya yau, domin ƙarfin magungunan ma ya canza, kuma da mililita ake rubuta su. A daina awo da murfi da gwangwanin madara. Murfi ba ɗaya ba ne, gwangwanin madara kuwa wanda na sani ina yaro ya fi na yanzu ciki. Kofin awo mai zane ko babban sirinji bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Masu mota su ma abin ya shafe su, musamman yanzu da motocin Amurka suka cika gari. Littafin motar zai ce a zuba baƙin mai kwat 5. Kwat ɗinsu mililita 946 ne, jimla lita 4.7. Tsohon bakanike da ya koyi aiki a kan Landiroba da Bedfod, in ya lissafa da kwat ɗin da ya sani, zai kai lita 5.7. Lita guda ta yi yawa a inji, mai ya yi kumfa, ya fara tsatsafowa ta inda bai kamata ba. Wanda kuma ya ce ai galan ɗaya ya isa, ya juye lita 4 ya rufe, ya bar inji da ƙishi. Sandar awo tana nan, a zare ta a duba. Sai maganar shan mai. Mota biyu, kowace an rubuta tana yin mil 30 a galan. In daga Ingila ta zo, kilomita 10.6 ke nan a lita. In daga Amurka ce, kilomita 12.8 ba kaɗan. Daga nan zuwa Kaduna, kusan kilomita 230, ta farko za ta sha wajen lita 22, ta biyu 18. A tsadar man yanzu lita huɗu ba abin wasa ba ce, balle ga mai zuwa da dawowa kowane mako.

Edita, a nan ne maganar ta iso teburinku. Duk lokacin da aka ƙara kuɗin fetur sai an kawo farashin galan a Amurka a kwatanta da namu. A majalisa na sha jin ana raba shi da huɗu, wani tsoho ya ce a'a da huɗu da rabi, a yi ta musu har a kira magariba. Da 3.785 ake rabawa. Haka gangar ɗanyen mai da kuke ambata kullum a labaran kasafin kuɗi. Mutane da yawa duro suke hangowa, mai lita 200. Ganga galan 42 ce na Amurka, lita 159. Wanda ya ninka 42 da galan ɗin Ingila zai sami 191, wanda ya ninka da na kasuwa 168, kuma duk lissafin da aka ɗora a kai ya karkace. Shi kansa duron, wanda muka sani da galan 44, Amurkawa galan 55 suke ce masa. Wani maƙwabcina ya kira mai aikin famfo ya ce yana son tankin galan 500 irin na gidan mahaifinsa. Tsohon tankin ƙarfen nan lita 2,273 yake ci. Aka kawo masa na roba mai lita 2,000, aka ce ai shi ne galan 500. Jarka goma sha ɗaya mai lita 25 ta ɓace tsakanin bakinsa da kunnen mai aikin, kuma a unguwar da famfo kan yi mako bai kawo ba, jarka goma sha ɗaya wankin kwana biyu ne da girki. Sun yi sa-in-sa har sai da aka shiga tsakani, kowa yana ganin shi aka zalunta.

Ko a asibiti tsohon sunan yana nan. Za ka ji an ce mara lafiya yana buƙatar jini fayint biyu, alhali ledar da ake ɗiba daga mutum wajen mililita 450 ce, ba ta kai fayint ɗin Ingila ba. Wannan bai cutar da kowa ba, don ma'aikatan da leda suke ƙirgawa. Na ambace shi ne saboda masu tsoron ba da jini su san abin da ake ɗiba bai kai ledar ruwa ɗaya ba. Inda nake jin tsoro shi ne fidar jarirai, mai zanen oza a gefe ɗaya da mililita a ɗaya gefen. Uwa ta bi gefen mililita da abin da gwangwanin ya ce, ta ƙyale ɗayan.

Akwai kuma waɗanda ruɗanin ya yi musu daɗi, ba zan ɓoye ba. Lokacin dogon layin mai na taɓa tsayawa wajen masu bumburutu na sayi galan biyu don janareta. Da na zo gida na juye a jarka mai zane, lita 7 na gani. An tura gindin robar ciki da zafi, ta waje ba ka ganewa. Da a ce lita muka yi ciniki, ina da bakin komawa in ce ga abin da muka yi, ga abin da na samu. Amma galan muka ce, kuma galan ba shi da mai shi. Mu da muke karanta Suratul Muɗaffifina tun muna allo mun san matsayin tauye mudu. Malamanmu sun tsaya tsayin daka a kan mudun Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, har ana ƙera shi ana sayarwa gab da ƙaramar salla don kada zakkar fidda kai ta tawaya. Irin wannan kulawar nake so a ba wa awon mai da magani, domin su ma haƙƙi ne.

Roƙona gare ku 'yan jarida, na takarda da na rediyo, shi ne duk inda labari ya zo da galan, ku tambayi daga wace ƙasa ya fito, ku juya shi, ku rubuta mana lita a gefensa. Aikin minti ɗaya ne. Akwai sashen kula da awo da ma'auni a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, ku gayyato jami'ansu su yi bayani da Hausa, mutane su san inda za su kai kuka. Shugabannin kasuwanni su ajiye mazubi tabbatacce na lita ɗaya da na lita biyar a ofishinsu, wanda duk mai shakka zai je ya gwada kyauta, ya huta da rantsuwa. Malaman lissafi na firamare kuma, ba na cewa a dawo da haddar jil da kwat, an wuce wurin. Amma darasi ɗaya a shekara, a shigo aji da kwalba da roba da jarka da bokitin ruwa, yara su auna da hannunsu su ga kwalba nawa ke shiga galan ɗin kasuwa, zai zauna musu fiye da shafi goma na allo. Mu masu shaguna namu ya fi sauƙi. In mai saye ya ce galan, mu ce masa lita nawa, kafin kuɗi ya fita daga aljihu.

Ni na fara da littafina. Na zauna dare uku da jan biro, duk inda na rubuta galan ko fayint ko oza shekara hamsin da suka wuce na sa lita da mililita a samansa, a bangon farko kuma na rubuta da manyan baƙaƙe cewa awon Ingila ne a ciki. Yaron ya sake zuba iri, ya yi asarar mako uku da kuɗin iri gwangwani biyu, amma ya samu ya yi dashe kafin sanyi ya wuce. Na ba shi kofin awo mai zane har mililita 250, ya huda hannunsa ya ɗaure shi da igiya a jikin famfon. Ranar Juma'ar da ta wuce ya biyo ta shago da abokansa biyu da suke noma kusa da shi, su ma suna son irin kofin, sai na tarar saura ɗaya gare ni. Na yi wa ɗayan alkawarin zan shiga Sabon Gari ranar Litinin in ƙaro dozin.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Tsohon malamin gona,
Ɗorayi, Kano.